Magatakardan da Ba a Gani

Jama'a masu sauraro, na gida da na kasuwa, da waɗanda tafiya ta riske su a kan hanya, da waɗanda suka jingina akwatin rediyo a gefen tabarma suna jiran a sauke tukunyar dare. Barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa. Yau za mu leƙa wani fage wanda kusan dukkanmu muke cin moriyarsa safe da yamma, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin cikinsa, watau fagen mutanen da sana'arsu ita ce rubuta manhajar kwamfuta a manyan kamfanonin duniya. Mai magana da ku ya ɗan taɓa wannan sana'a shekaru masu dama, saboda haka abin da za ku ji, wani daga karatu ne, wani kuwa daga abin da ido ya gani.

Mu fara daga ƙarshen wata. Malamin makaranta a Gusau, ko ma'aikaciyar jinya a Damagaram, idan waya ta yi ƙara aka duba aka ga saƙon banki cewa albashi ya shigo, abin da zai fara fitowa daga baki shi ne hamdala, sa'an nan a shiga lissafin mai kanti da mai gidan haya da kuɗin makarantar yara. Amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi kansa ta wace hanya kuɗin nan suka biyo, wa ya cire haraji, wa ya ware na fansho, wa ya tabbatar ba a ba shi na wani ba, ba a kuma ba wani nasa ba. A zamanin iyayenmu wannan tambaya tana da amsa mai fuska da suna. Akwai ma'aji a baitulmalin En'e, akwai akawu da babban littafinsa mai layi ja da shuɗi, akwai magatakarda da alƙalaminsa, kuma idan aka tauye maka sule ɗaya ka san ƙofar da za ka je ka tsaya. Yau littafin nan ya koma cikin na'ura, alƙalamin ya koma rubutun umarni da ake ba kwamfuta, magatakardan kuwa yana iya zama wani saurayi a ƙasar Jamus ko wata baiwar Allah a ƙasar Indiya, waɗanda ba su taɓa jin sunan garinku ba, amma abin da hannunsu ya rubuta shi ke hukunta abin da zai shiga aljihunka.

Ya kamata mu bambance tun da wuri tsakanin manhaja iri biyu. Akwai wadda kowa ya sani, ta cikin waya, ta hira da aika hoto da kallon bidiyo, wadda in ta tsaya na awa guda sai a yi gunaguni a koma hira da baki. Akwai kuma wadda ba ta da ƙawa ba ta da suna a bakin jama'a, ita ce manhajar gudanar da manyan ma'aikatu, wadda ke riƙe da lissafin kuɗi, da ƙididdigar kayan sito, da saye da sayarwa, da albashin ma'aikata, da haraji, duka a rumbun bayanai guda. Ita wannan in ta tsaya, motar siminti ba ta fita daga masana'anta, magani ba ya barin sito, albashi ba ya shiga. A Nijeriya ma'aikatan gwamnatin tarayya sun san sunan IPPIS, tsarin biyan albashi na bai ɗaya, kuma duk wanda ya biya kuɗin gwamnati tun daga 2015, lokacin da aka tilasta asusun bai ɗaya, ya san Remita, wadda kamfanin SystemSpecs na cikin gida ya gina. To, irin wannan manhaja muke nufi, kuma a duniya manyan masu yin ta sun haɗa da Oracle da Microsoft na Amurka, da SAP na Jamus, wanda da shi za mu buga misali.

A shekarar 1972 wasu mutum biyar suka ajiye aikinsu a reshen kamfanin IBM na Amurka da ke Jamus suka kafa nasu kamfani: Dietmar Hopp, da Hasso Plattner, da Claus Wellenreuther, da Klaus Tschira, da Hans-Werner Hector. A wancan zamani al'adar ita ce a tara bayanan yini a jikin katuna masu huji, a loda wa kwamfuta su da dare, a ga sakamako da safe ko bayan kwanaki. Su kuwa niyyarsu ita ce su gina tsarin da akawu zai shigar da lissafi ta allon na'ura ya ga sakamakonsa nan take, kuma tsari ɗaya ya yi wa kamfanoni da yawa aiki, maimakon kowane kamfani a ɗinka masa nasa daga farko. Ba su ma mallaki kwamfuta tasu ba a lokacin. Da ta abokin cinikinsu na farko suka yi aiki, wata masana'antar zaren roba ta kamfanin ICI a garin Östringen, galibi da dare da ranakun hutu, sa'ad da masu ita suka tashi. A 1977 suka mai da hedkwata Walldorf, wani ɗan ƙaramin gari kusa da Heidelberg, inda take har yau. Suka fitar da tsarin R/2 a 1979, da R/3 a 1992 wanda ya bazu a duniya, da S/4HANA a 2015. Yanzu ma'aikatan kamfanin sun haura dubu ɗari, kuma cibiyarsa ta Bangalor a Indiya, wadda aka buɗe a 1998, ita ce mafi girman wurin rubuta manhajarsa a wajen Jamus. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

(Kiɗan tsakani)

To, jama'a, mu ɗauka wani matashi ya gama karatu, ya tsallake jarrabawar ɗaukar aiki wadda takan kai zama uku ko huɗu, an ba shi kujera a irin wannan kamfani. Ya zo da zaton cewa ran farko za a shimfiɗa masa farin allo a ce ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa gani ba. Abin da zai tarar dabam ne. Zai tarar da rubutun umarni miliyoyin layuka, waɗanda dubban hannuwa suka tara cikin shekaru talatin ko arba'in, wasu marubutansu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma aikinsa na farko, bal ma mafi yawan aikinsa har ya tsufa a sana'ar, shi ne karatu. Duk wanda ya zauna a gaban malami a zaure ya san siffar tsohon littafin fiƙihu: matani a tsakiya, sharhi ya kewaye shi, hashiya a gefe, ga kuma ƙananan ta'aliƙai da wani almajiri ya cusa tsakanin layuka. Haka tsohuwar manhaja take. Kowane layi da ya zama maka baƙo yana da sababi. Wata ƙila wata doka ce ta wata ƙasa ta tilasta shi, wata ƙila wani kuskure ne da ya taɓa jawo hasara aka toshe shi da wannan layi. Almajirin da ya goge hashiya don bai gane ta ba, ya yi wa na bayansa ɓarna, kuma sabon ma'aikacin da ya share layi don bai san dalilinsa ba, zai iya buɗe ƙofar da aka rufe tun kafin a haife shi.

Me ya sa ba a rushe tsohon a gina sabo? Domin abokan ciniki suna zaune a cikin ginin. Kamfanin da ya kashe shekaru da dukiya mai yawa ya ɗora dukkan lamuransa a kan wani tsari, ba zai yarda a ce masa gobe ya tashi ba. Shi ya sa har yanzu bankuna da yawa a duniya suna tafiya da manhajar da aka rubuta da harshen COBOL, wanda aka ƙirƙiro tun 1959, kuma shi ya sa SAP ya yi alkawarin ci gaba da kula da tsohon tsarinsa na tsakiyar shekarun 2000 har ƙarshen 2027, da ƙarin wa'adi zuwa 2030 ga wanda ya biya. Mai wannan sana'a kamar magini ne da aka ce ya sake harsashin gida alhali iyali na kwance a ciki, ba a yarda ya tashe su ba, ba a kuma yarda ƙura ta faɗa cikin tuwonsu ba.

Yininsa yakan fara da ɗan gajeren taro wanda ake yi a tsaye don kada ya yi tsawo, inda kowane ɗan ƙungiya, su bakwai ko takwas, zai faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Aiki kuwa ba ya zuwa da baki. Yana zuwa ne a rubuce, a matsayin tikiti mai lamba, ko dai na sabon abu da ake so a ƙara, ko na aibin da wani abokin ciniki ya kawo ƙara a kansa. Ana yanka aikin zango zango, galibi mako bibbiyu, a ƙarshen kowane zango a nuna abin da aka gama. Kuma duk harafin da ya canja, akwai ma'ajiyar da ke riƙe da tarihinsa: wa ya canja, yaushe, saboda wane tikiti, wa ya duba ya amince. Mafi shahara a cikin irin waɗannan ma'ajiyu ita ce Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Malaman hadisi da suka tsaya a kan cewa magana ba ta karɓuwa sai da isnadi, da za su ga wannan tsari da sun gane hikimarsa nan da nan, domin bayan shekara goma ana iya bin sawun layi ɗaya har a kai ga wanda ya rubuta shi da hujjar da ya dogara a kanta.

Bayan isnadi sai muƙabala. Masu kwafar littattafai a ƙasar Hausa ba su ɗaukar kwafi ya inganta sai an zauna mutum biyu, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin sabon rubutu da ido. Haka nan a babban kamfani ba a barin rubutun kowa ya shiga cikin uwar manhaja sai wani abokin aiki ya karanta shi layi layi ya sa hannu, ko da marubucin ya fi mai dubawa shekaru da muƙami. Daga nan sai gwaji: dubban ƙananan jarrabawa da na'ura ke gudanarwa da kanta dare da rana, don a tabbatar gyaran da aka yi a ɗakin haraji bai tsaga bangon ɗakin albashi ba. Gyaran da ya ɗauki awa biyu a rubuce yana iya ɗaukar makonni kafin ya isa hannun mai amfani da shi, kuma matashi mai zafin jini yakan ga wannan jinkiri kamar ɓata lokaci, har ran da zai gane abin da ake tsaro.

Ni kaina na gane shi ne a kan rabin kwabo. A farkon shigata aiki, a wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba, an ba ni gyaran lissafin haraji a takardar ciniki, na rubuta, na gwada, na ga daidai, na miƙa. Wata dattijuwar ma'aikaciya da ta daɗe a wurin ta dawo mini da shi, na gyara abin da na zaci take nufi, ta sake dawowa da shi, har raina ya fara sosuwa. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta ce in ɗauki alƙalami. Bari in ba ku misalin da kuɗinmu na yau. Kaya na naira 33, harajinsa a kan kashi 7.5 cikin ɗari ya kama naira 2 da kwabo 47 da rabi, kuma babu rabin kwabo a littafin banki, dole a cike shi ya zama 48. In mutum ya sayi irin kayan nan guda uku aka cike kowanne dabam, haraji ya zama naira 7 da kwabo 44. In kuwa aka haɗa kuɗin tukuna, naira 99, sa'an nan aka fitar da haraji aka cike, sai ya zama naira 7 da kwabo 43. Kwabo ɗaya ne tsakani. Amma ta nuna mini cewa wani sashe na manhajar yana bin hanya ta biyu, ni kuwa na bi ta farko, saboda haka a ƙarshen wata littafi biyu za su saɓa, kuma wani akawu da ban taɓa gani ba zai kwana a ofis yana neman kuɗin da ba wanda ya sata, wata ƙila ma a fara yi masa kallon tuhuma. Tun daga ranar ban ƙara ganin mai duba aikina a matsayin mai neman laifina ba. Ashe garkuwa ce tsakanina da haƙƙin mutane.

(Kiɗan tsakani)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan aikin masu rubuta manhaja a manyan kamfanoni. Wani abin da ke sa wannan aiki nauyi shi ne cewa manhaja ɗaya ce ake sayar wa duniya, duniya kuwa ba ta da mudu ɗaya. Naira tana da kwabo ɗari, saboda haka ana rubuta ta da gurbi biyu bayan ɗigo. Sefa ta Nijar da yen ta Japan ba su da gurbi ko ɗaya a lissafin banki. Dinarin Kuwaiti kuwa gurbi uku gare shi, domin filsi dubu ne a cikinsa. A watan Yulin 2007 Ghana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, tsohuwar sidi dubu goma ta zama sabuwa ɗaya, kuma dole littattafan kamfanoni su iya karanta tsohon lissafi da sabo ba tare da sun cakuɗa ba. A 2013 Saudiyya ta mai da hutun mako daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar, sai duk lissafin ranakun aiki ya motsa. A watan Fabrairun 2020 Nijeriya ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 7.5, kuma wajibi ne cinikin da aka kammala kafin ƙarin ya zauna a tsohon haraji, na bayanta ya hau sabo. Har haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin mas'alar, domin manhajar da ba a gina ta da sanin ɗ da ƙ da ɓ ba, za ta mai da Ɗanladi wani mutum dabam, ko ta cika sunansa da alamun tambaya. Kowace doka da majalisa ta zartar a wata ƙasa, tikiti ce a kan teburin wani. Saboda haka gwanin wannan fage ba wanda ya iya harshen na'ura kaɗai ba ne. Sai ya san wani abu na ilimin akanta, da dokar haraji, da yadda sito ke tafiya, kamar yadda alƙali ba ya wadatuwa da haddar matani sai ya san al'adar garin da yake hukunci a cikinsa.

Sa'an nan ga sha'anin jama'a. Wani masani mai suna Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani gagarumin aikin manhaja a IBM, ya wallafa littafi a 1975 inda ya bayyana darasin da ya koya da wahala, cewa aikin manhaja in ya makara, ƙara masa ma'aikata yakan ƙara masa makara ne. Dalilin a fili yake ga mai lissafi. Mutum biyar, hanyoyin magana tsakaninsu goma ne. Mutum goma, hanyoyi 45. Mutum hamsin, hanyoyi 1,225. Ga shi kuma sabon zuwa sai tsoho ya ajiye aikinsa ya koya masa. Wannan ne ya sa rabin rayuwar ma'aikacin babban kamfani take ƙarewa a shawara da rubuta bayani da jiran amsar wata ƙungiya da ke wata nahiya, waɗanda safiyarsu ita ce la'asar ɗinsa. Wanda ya iya bayani a taƙaice, ya iya tambaya ba tare da jin kunya ba, ya iya faɗin ra'ayinsa da ladabi ya kuma sauka daga kansa in hujja ta bayyana, shi ne ke ɗaukaka, ko da akwai waɗanda suka fi shi saurin hannu.

Yanzu bari in kawo muku abin da ke faruwa idan amana ta yi rauni, kuma wannan labari ne da kotuna suka tabbatar. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke da alhakinta, a ƙananan rassanta da ke hannun 'yan kasuwa masu riƙon wakilci. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa kwabo ba. Aka gaskata na'ura aka ƙaryata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da ɗaruruwan masu riƙe da rassan nan bisa tuhumar sata ko maguɗin lissafi. Wasu aka ɗaure su, wasu suka sayar da gidajensu don su cike giɓin da babu shi, wasu mutuncinsu ya zube a garuruwan da aka haife su, wasu suka mutu ba a wanke su ba. Sai da mutum 555, ƙarƙashin jagorancin wani daga cikinsu mai suna Alan Bates, suka haɗu suka kai ƙara, babbar kotu ta yanke a 2019 cewa lalle manhajar tana da kurakurai, ya kuma bayyana cewa akwai rajistar da ake rubuta waɗansu daga cikin kurakuran nan tun da daɗewa. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a zama ɗaya, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta musamman don wanke galibin sauran. Ku lura, jama'a: kuskure a manhaja ba abin mamaki ba ne, domin ɗan Adam ne ya rubuta ta, kuma ajizi ne. Musibar ita ce a san aibi a yi shiru, a bar marar laifi ya ɗauki nauyinsa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora wa marubuci sharaɗin adalci. Akwai kuma surar da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. Wanda ke rubuta manhajar lissafi marubucin bashi ne kuma mai riƙe da mudu ne, sai dai mudunsa yana awo sau miliyoyi a yini.

Ba zan ɓoye muku daɗin aikin ba, ba kuma zan ɓoye ɗacinsa ba. Akwai albashi mai kyau, da horo a kai a kai, da zama da masana daga kowace al'umma, da natsuwar da mutum ke samu idan ya kwance ƙullin da ya gagari jama'a mako guda. Akwai kuma makon jiran ko ta kwana, inda waya za ta iya tashe ka da tsakar dare don lissafin wani kamfani ya tsaya a wata ƙasa. Akwai aikin da za ka ba shekara guda na rayuwarka, shugabanni su canja shawara a rufe shi. Sunanka ba zai fito a jikin abin da ka gina ba. Kuma girman kamfani ba lamuni ba ne: a farkon 2023 Microsoft ya sanar da sallamar ma'aikata dubu goma, a farkon 2024 kuma SAP ya sanar da garambawul da ya shafi gurabe dubu takwas, yana mai karkata ga fasahar ƙirƙirarriyar basira. Ita wannan fasaha yanzu tana iya zubo rubutun umarni cikin ƙiftawar ido, amma ba ta ɗaukar alhaki, ba a kiranta gaban alƙali, saboda haka buƙatar mai karatu da tahaƙiƙi, wanda zai duba ya ce wannan daidai ne wannan kuwa zai cuci wani, ƙaruwa ta yi.

Ga matasanmu maza da mata da ke sha'awar wannan hanya, nasihata gajeriya ce. Ku riƙe lissafi da kyau, ku ƙware a Turanci ko Faransanci na karatu da rubutu, ku koyi harshen na'ura ɗaya har ya zauna kafin ku tsallaka wani, ku san yadda rumbun bayanai ke aiki, ku kuma zauna da akawu ko mai kula da sito ku ga yadda kuɗi da kaya ke shiga da fita. Ku saba da karanta rubutun wasu, ku saba da a gyara muku naku. Kada kuma wani ya ce muku wannan ilimi baƙo ne a gidanku, domin kalmar da duniya ke kiran tsararren matakin lissafi da ita, watau algoridim, daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ta samo asali, malamin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda babban kaso na littafinsa na aljabara a kan mas'alolin gado da wasiyya yake. Tun asali, ke nan, an ɗauki wannan ilimi ne don a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Ga iyaye kuma, idan kuka ga ɗanku ko 'yarku sun daɗe a gaban kwamfuta, ku tambaye su abin da suke ginawa, ku sa su yi muku bayani da Hausa. Wanda ya iya fahimtar da mahaifiyarsa aikinsa, ya fahimce shi.

Ƙarshen wata na tafe. Idan wayar malamin nan na Gusau ta yi ƙara, ya duba ya ga albashinsa cif, babu ragi babu ƙari, ba zai san cewa wani ya karanta tsohon layi bai goge shi ba, wata ta mai da gyara sau biyu a kan rabin kwabo, wani kuma ya ga aibi ya faɗa alhali shiru ya fi masa sauƙi. Ba zai gode musu ba, don bai san su ba, kuma rashin saninsa da su shi ne shaidar sun yi aikinsu. Amma akwai Wanda ba a ɓoye masa layi ɗaya, kuma a wurinsa ladan yake. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, ta fili da ta ɓoye, ya sa wa 'ya'yanmu albarka a cikin abin da suke koyo. A nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.